Alamar Da Ba A Faɗa A Lasifika

Ranar Lahadi ce, saura mako biyu a kama azumi, da ƙarfe tara da rabi na safe, a tsakar gidana da ke Anka. Mu uku ne: ni, da ƙanwata Rabi, da ɗanta Murtala, wanda ya gama karatun aikin jarida shekara biyu da suka wuce yana zaune a gida. Ina durƙushe ina kankare kan batiri, Rabi ta ce ta kawo mini shi ne ya riƙa bina kasuwa, kafin Allah ya kawo aikin talabijin da yake jira.

Na tambaye shi ko ya san abin da nake yi.

Ya ce, "Haba Kawu, ai magana ce kawai. Ka riƙe makirufo, ka faɗi abin da aka ce ka faɗa."

Rabi ta harare shi. Ni kuwa na ci gaba da kankare batirina, domin ba a bakinsa na fara jin wannan ba. Duk kasuwar da na kafa kayana sai wani saurayi ya zo ya tsaya a kaina, hannu cikin aljihu, ya ce in ɗan ba shi ya taɓa. Saboda irinsu nake wannan bayani, ko na huta da maimaitawa.

Ni mai shela ne. Shekara talatin da ɗaya ina bin kasuwanni tsakanin Anka da Bukkuyum da Gummi, da lasifika a bayan babur. Wanda akuyarsa ta ɓata, da wadda ɗanta ya sulale cikin cunkoso, da masu rigakafin dabbobi, da dangin mamaci da ke son a san lokacin jana'iza, duk wurina suke zuwa.

Ba wannan na so zama ba. Ina ɗan shekara bakwai burina in zama direban babbar mota, saboda wani direba da ke zuwa ɗaukar gero yana sa baƙin tabarau, kuma kullum na gan shi nama yake ci. Wannan buri ya mutu ranar da na ga motar ta kafe a laka kwana uku, direban yana kwance a ƙarƙashinta ba tabarau. Ina shekara goma sha ɗaya mahaifinmu ya sayi rediyo. Daga ranar na yanke shawara ni ne zan riƙa karanta labaran duniya. Sai in ɗauki totuwar masara in kafa a baki, in shiga ɗaki in yi ta kwaikwayon masu labarai, har na sauya harshe, na bar maganarmu ta gida na kama ta rediyo. Inna takan leƙo ta ce, "Wanga yaro ya koma Bakano cikin ɗaki. Hito ka ba awaki ruwa, in ka gama da duniya."

Na kai gidan rediyon kuwa. Bayan na gama makaranta na tafi Sakkwato, wani gidan rediyo ya ɗauke ni aikin wucin gadi. Shekara biyu na yi, ban karanta labaran duniya ko sau ɗaya ba. Sanarwa aka ba ni: ɗaurin aure, rasuwa, taron ƙungiya. Shugabar sashenmu wata mata ce mai jan biro da agogo a tafin hannu. Ita ta koya mini cewa suna sau biyu ake tabbatar da shi, kuma jimlar da ta fi ƙarfin numfashi ɗaya a raba ta biyu. Wata rana na karanta sunan unguwar wani mamaci ba daidai ba, mutane suka tafi gaisuwa wani gida daban. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ba ni kuɗin mota ta ce in je gidajen biyu in ba da haƙuri da bakina. Da aka rage ma'aikatan wucin gadi, na dawo Anka da jaka ɗaya da Hausar rediyo.

Aikina na farko a kasuwa cigiyar jaki ce. A lokacin na shiga hannun Baba Arzika, wanda ya gaji shela daga mahaifinsa tun ana yin ta da ganga, shi kuma ya sayi lasifikar hannu. Ya miƙo mini ita. Na gyara murya na ce, "Jama'a masu saurare, ana cigiyar wani jaki wanda rahotanni suka nuna ya ɓace da safiyar yau." Na yi jimla huɗu masu kyau, ko shugabata ba za ta sa musu jan biro ba. Ko mutum ɗaya bai waiwayo ba. Baba Arzika ya karɓi lasifikar ya ce, "Kai mai gero! Kai mai dawa! Duba bayanka! Jaki! Baƙin jaki, da mangala!" Rabin kasuwa ta juya. Kafin La'asar an kawo jakin.

A hanyar gida ya ce mini, "Rediyo, mutum shi ka kunna ta don shina son ji. Kasuwa ba wanda yaz zo don kai."

Daga gare shi na koyi cewa kowace shela sau uku ake yin ta. A na farko kasuwa ƙara kawai take ji. A na biyu ta ji an ce jaki. Sai a na uku take jin wane jaki. Na koyi maimaita ta da Fillanci idan ta shafi dabba, kuma wata shida makiyaya suna dariyar Fillancina kafin su fara amsawa.

Wani rago da aka tsinta shi ya koya mini babbar ƙa'idar sana'ar. Wani manomi ya kawo shi kara, wato ɓangaren kasuwa da ake sayar da dabbobi. Na zagaye ragon na rubuta komai: fari, baƙin wuya, ƙahon hagu ya karye, da shuɗiyar igiya. Na ɗaga lasifika, na kai ga baƙin wuya, sai Baba Arzika ya sa tafin hannu ya toshe bakinta.

"In ka hwaɗi duka, mi mai shi za ya hwaɗi?"

Ga ƙa'idar, a rubuce, don samarin da ke cewa magana ce kawai. Idan cigiya ce, wato an ɓatar ana nema, ka faɗi duk alamar da ka sani, ka ƙara da inda aka gani na ƙarshe. Idan tsintuwa ce, wato an samu ana neman mai shi, ka faɗi abin da kowa zai iya gani daga nesa, ka riƙe sauran. Alamar da ka riƙe ita ce shaidar mai dabba. Ban da mai dabbar, mutum uku ne kaɗai suke saninta: wanda ya tsinta, da mai shela, da sarkin kara. Duk wanda ya zo ya ce tasa ce, a ja shi gefe inda ba ya ganin dabbar, ya faɗa da bakinsa.

Kayan aikina a yau lasifika biyu ne masu faɗin baki, da amfilifaya, da batirin mota, da makirufo, da gora mai tsawon kamu takwas ta ɗaga lasifika sama da kan mutane, da ɗan farantin sola na cajin batiri, da littafi. Kowanne da halinsa. Batiri ba a ɗaure shi a babur sai an shimfiɗa tsumma a ƙarƙashi, in ba haka ba hanyar Nasarawar Burkullu za ta girgiza ruwansa ya cinye maka wando. Kafin a kafa gora sai an ɗebi ƙasa an watsa an ga inda iska ta nufa, domin muryar da ta yi gaba da iska rumfa uku take wucewa ta faɗi. Ba a juya bakin lasifika wajen kara kai tsaye. Na taɓa ganin bijimi ya tsinke igiya ya bi ta kan tukwanen wata mata saboda wani mai tallan magani bai san wannan ba. Ruwan sanyi kuwa, ranar kasuwa ba na kusantarsa. Citta da kanumfari a ɗan gorana, shi ke nan.

Masu kawo shela su ma aiki ne. Wani zai zo yana haki ya ce saniyarsa ta ɓata, ka tambaye shi launinta ya ce, "Ai ka san ta." Wata za ta ce a yi cigiyar ɗanta, ka ce wace riga ya sa, ta fara ba ka labarin ranar da aka haife shi. Akwai mai kawo sanarwar rasuwa da gudu, kuma wannan ba na karɓa daga bakin mutum ɗaya, ko ɗan mamacin ne. Sai na tambaya ko an gaya wa uwa, ko akwai ɗiya ko mata da ta shigo kasuwar nan yau. Ba a barin mace ta ji mutuwar mijinta daga saman gora tana cikin awon hatsi.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce wadda aka rufe kasuwannin mako aka katse layin waya saboda matsalar tsaro. Mutane sun fi kowane lokaci buƙatar a isar musu da saƙo, amma babu inda suke taruwa, kuma man babur ya yi wuya. Na koma tura kayana a baro cikin garin Anka, unguwa unguwa, ina cigiyar mutane maimakon dabbobi. Waɗanda suka gudo daga ƙauyuka suna neman 'yan'uwansu. Littafi biyu na cika a watannin nan. Batirina ya mutu a tsakiyarsu, na sayar da lasifika ɗaya na maye shi, sai daga baya na sake sayen wata. Da aka buɗe kasuwanni kuma, sai na tarar tsintuwa ta zama abin tsoro. Mutum ya ga baƙuwar saniya a gonarsa, gabansa ya faɗi, domin duk wanda aka gan shi da dabbar da ba tasa ba ana iya cewa da ɓarayi yake hulɗa. Tun daga lokacin ƙa'idar Baba Arzika ta wuce maganar rago. Ina yaro so nake ƙasa duka ta san muryata. Yanzu buƙatata a yini ita ce dabba ta koma gidan da ta fito ba tare da an zare sanda ba.

To, Murtala ya fara bina. Gaskiya ɗaya zan faɗa: yana da murya, ta fi tawa. Sauran kuwa sai haƙuri. Na ba shi sanarwar rigakafin shanu, ya yi minti biyu yana gaida "masu saurarenmu a duk inda kuke", alhali ga su nan a gabansa suna cinikin barkono. Yana shela yana ɗaukar kansa bidiyo da hannun hagu. Wata mata ta zo tana kuka ɗanta ya ɓace, ya kai mata makirufo baki ya ce ta gaya wa jama'a yadda take ji a ranta. Na fizge na ce, "Yaro, ɗan shekara huɗu, jar riga, ba takalmi!" Batiri kuwa, kullum idan za a sauke shi sai wayarsa ta yi ƙara.

Mako biyu bayan Ƙaramar Sallah, ana tsakiyar zafin bazara, muka je wata kasuwar ƙauye a ƙasar Bukkuyum, ta wajen Gwashi. Da hantsi sarkin kara, Alhaji Nomau, ya aiko a kira ni. Wani mai lambu ya wayi gari da saniya cikin albasarsa, ya jawo ta da kansa ya kawo, yana ta rantsuwa bai san ta inda ta fito ba. Na duba ta. Ja ce, mai dogon ƙaho, hantsarta cike har tana ɗiga, alamar akwai ɗan maraƙi a wani wuri yana jiran ta. Tsaga biyu a kunnen dama. Tsohon tabon lalas, wato ƙunar ƙarfe, a cinyar hagu. Kan nono ɗaya na baya ya kafe. Na rubuta duka a littafi, na ja layi a ƙarƙashin ukun ƙarshe. Alhaji Nomau ya sa aka kai ta bayan rumfarsa aka kare da zana.

Na yi shela da Hausa da Fillanci: an tsinci jar saniya mai dogon ƙaho, mai ita ya zo wurin sarkin kara. Har Azahar ba wanda ya zo. Na ce wa Murtala ya zauna da kaya in yi sallah in dawo, shi ma ya je. Na ce kada ya taɓa komai.

Ina alwala, na kai ƙafar hagu, sai na ji lasifikata.

"Ga cikakken bayani kan saniyar da aka tsinta. Tana da tsaga biyu a kunnen dama, da tabon lalas a cinyar hagu, sannan nononta ɗaya na baya ya kafe."

Da kyau ya karanta, a tsanake, kowace kalma ta fita. Kafin in ratsa 'yan tumatir in iso, ya yi sau uku, kamar yadda na koya masa. Abu ɗaya da ya riƙe daga koyarwata ke nan.

Na ce, "Me ka yi?"

"Kawu, tun safe ba wanda ya zo. Bayanin ne bai cika ba. Na ga ka ja layi, na ɗauka su ne muhimmai."

Cikin rabin sa'a mutum biyu suka bayyana a rumfar Alhaji Nomau. Ɗaya mai wankakkiyar riga da hula, ɗaya saurayi da sanda a kafaɗa. Kowanne ya ce saniyarsa ce. Kowanne ya kawo alamu uku, kuma a jeren da Murtala ya karanta su: kunne, cinya, nono. Mai dabba na gaskiya ba ya jera alamu haka. Da abin da ya fi damunsa yake farawa.

Ana cikin haka sai ga Goggo Hajo, wata dattijuwar Bafillatana mai sayar da nono, da ƙwarya a ka. Na san ta shekaru. A mummunar shekarar nan aka kore garken gidansu, mijinta bai daɗe ba bayan haka ya rasu, karsana ɗaya ta rage mata, ita ce ta girma ta haihu. Ta makara ne don ta biya ta daji tana nema. Ba ta fara da kunne ba.

Ta ce, "Alhaji, kwana huɗu ɗanta bai sha ba. Kunu nika ɗura mai da ludayi, ya bar tashi. Sanuwag ga tawa ta. Nono guda ya mutu tun haihuwar fari."

Mai wankakkiyar riga ya yi dariya. "Goggo, wanga kowa ya jiya. Har mai rake ya sani."

Gaskiyarsa. Shaidar da matar nan take da ita a duniya, mun raba wa kasuwa kyauta. Alhaji Nomau ya ja ni gefe ya ce shi ba zai ba kowa ba. Tunda magana ta zama uku, sai a kai saniyar hannun hukuma a gari a bincika. Na san abin da wannan ke nufi. Ko an yi adalci, sai an yi kwanaki, maraƙin kuma ba shi da kwana biyu.

Na ce akwai abin da Baba Arzika ya taɓa yi a gabana sau ɗaya, da ɓoyayyar alama ta fita. A kwance saniyar, masu da'awa su tsaya nesa da juna, kowa ya kira. Alhaji Nomau ya ce a cikin wannan hayaniya ko uwarta ce ta kira ba za ta ji ba, kuma in ta firgita ta shiga kasuwa wa zai ɗauki alhaki? Na ce shirun a bar mini.

Na juya wurin Murtala. "Ɗauko batiri."

Ya duba nisan da ke tsakanin gorarmu da kara. Wayarsa ba ta yi ƙara ba. Ya ɗauko shi a ka, ruwan yana ɗiga a kafaɗar rigarsa ta Sallah.

Sa kasuwa ta saurara abu ne mai sauƙi a kan sa ta yi shiru. Ban roƙi jama'a gaba ɗaya ba, don jama'a ba sunan kowa ba ne. Na rage ƙarar amfilifaya, na juya lasifika baya ga dabbobi, na bi su ɗaya ɗaya. Mai injin markaɗe, don Allah kashe na minti biyar. Mai tallan magani, sauke taka. 'Yan acaɓa na bakin kara, a kashe babura. Dillalai, ku riƙe cinikinku a baki, ba zai gudu ba. Na faɗa da Fillanci. Sannan na faɗi dalili a jimla ɗaya: akwai maraƙin da zai mutu in ba a gane uwarsa ta wa ce ba. Sai na kashe tawa.

Mai wankakkiyar riga ya leƙa bayan zana, ya ce yanzu da ya duba da kyau, tasa ba ta kai wannan tsawon ƙaho ba. Ya tafi, ba wanda ya tsayar da shi. Saurayin ya tsaya. Kafin a kwance igiya na ce kowa ya buɗe hannu ya zazzage aljihu, wannan ma koyarwar Baba Arzika ce. Guntun kanwa, wadda shanu ke bin mai ita don su lasa, ya faɗo daga aljihun saurayin. Ya ce ta ciwon ciki ce. Alhaji Nomau ya ce to ya riƙe masa har cikin ya lafa.

Aka kwance ta. Saurayin ya fara, kuma ya iya kiran shanu, ba shakka ya yi kiwo. Saniyar ta ɗaga kunne ɗaya, ta dube shi, ta tsaya inda take. Goggo Hajo ta sauke ƙwaryarta ƙasa, ta tsuguna kamar mai shirin tatsa, ta ƙwanƙwasa gefen ƙwaryar da ludayi sau uku, ta kira wani suna a hankali, ni da ke kusa ma da kyar na ji. Saniyar ta yi kuka mai tsawo. Ta taka, ta ratsa filin, ta zo ta juya mata gefen hagu ta tsaya, nono yana zuba a ƙasa.

Da aka waiwaya, saurayin ya sulale ya bar kanwarsa.

A hanyar komawa Anka muka tsaya shan ruwa. Murtala ya ce, "Kawu, mu fa a makaranta an koya mana ba a ɓoye wa mai saurare komai."

Na ce, "A makarantar, saniyar wa ce?"

Ya miƙo mini ruwan, muka ci gaba da tafiya.

Daga ranar na daina rubuta ɓoyayyar alama a littafi, a ka nake riƙe ta. Maraƙin ya rayu, Goggo Hajo ta aiko mana da man shanu a kasuwa ta gaba. Bayan Babbar Sallah aka kira Murtala gwajin murya a Gusau. Ya je ya kwana biyu ya dawo ba aiki, ni ma ban tambaye shi yadda aka yi ba. Washegari da na fito na tarar ya ɗaure batiri a babur, da tsumma a ƙarƙashi. Yanzu shi ke yin cigiya da sanarwar rigakafi, gaisuwarsa ta dawo jimla ɗaya. Shelar tsintuwa kuwa har yau ni nake yin ta.